Batirin Lalle da Shuni: Zai Kori na Kobal Kuwa?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun shekaranjiya nake son kawo wannan magana, sai yanzu na samu zama. Ni dai na yi imani nan da shekara goma batirin da ake yi da ƙarafan kobal da nikel zai zama tarihi, na sinadaran oganik ne zai karɓe kasuwa. Abin da ya hana ni barci kuwa shi ne, wasu daga cikin kayan da masana ke gwadawa muna da su a nan gida: lalle da shuni. A 2010 masu bincike a Japan sun yi katod, wato ɓangaren fositib na batir, da sinadarin shuni, ya ɗauki caji ya sauke. A 2017 wasu a Koriya ta Kudu sun yi da sinadarin lalle. A Janairun 2024 kuma jami'ar MIT ta Amurka ta fito da wani da ake kira TAQ, babu ƙarfe ko ɗaya a cikinsa, an yi masa caji sama da sau 2,000 bai lalace ba, kamfanin motar Lamborghini ne ma ya ɗauki nauyin binciken. Mu da muke da karofin Ƙofar Mata fiye da shekara ɗari biyar, me muke jira?

Oga Mai Sola: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Shekarata goma sha ɗaya ina hawa rufin mutane ina ɗaura fanel, kuma babu shekarar da ba na jin labarin sabon batirin da zai kori sauran. Ka zaga France Road gaba da baya, ka shiga Sabon Gari lungu-lungu, ka nuna min shago ɗaya da ake sayar da batirin lalle. In ka samu, ni zan fara saya.

Alhaji na Kwari: Ku tsaya ku tafi da mu. Oganik ɗin nan, irin wanda ake faɗa a harkar noma ne, kamar takin gargajiya? Wato daga gona za a riƙa ciro batirin?

Malamar Kimiyya: Alhaji, ranka ya daɗe, tambayarka ita ce ya kamata a fara da ita, don a nan ake yawan ruɗewa. A wurin masu ilimin sinadarai, oganik na nufin abin da aka gina a kan kabon, tare da haidirojin da oksijin da naitirojin. Ko daga ganye ya fito, ko daga fetur, duk sunansa ɗaya. Ledar da ake zuba maka kaya a Kwari oganik ce. Yuriyar da manoma ke kira takin zamani, wadda ake yi da iskar gas a Lekki da Eleme, ita ma oganik ce.

Katod kuma shi ne ɓangaren da masu sana'a ke kira fositib. Ka ɗauke shi kamar gidan mai masauki. In kana cajin batir, baƙi ne ke barin gidan su koma ɗaya ɓangaren: litiyum ya bi ta cikin ruwan batir, elektiron ya bi ta waya. In kana amfani da shi, su dawo. Abu uku ake nema a wurin masaukin: baƙi nawa yake ɗauka, da wane ƙarfi yake jawo su, sannan sau nawa za su shiga su fita kafin ginin ya rushe. A batirin waya, ƙwayar kobal ce ke karɓar elektiron ɗin. A lalle da shuni da danginsu, wurin da kabon ya haɗu da oksijin ne ke karɓa. To ta fuskar ilimi ƙanenmu bai yi ƙarya ba, aikin da kobal ke yi suna iya yinsa.

Ɗan Kurna: Allah ya saka da alheri, Malama. Kuma ku duba lissafin. LFP, batirin litiyum da baƙin ƙarfe da fosfet da Oga ke ɗaura wa mutane, iyakarsa 170 mAh (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka) a kowane giram. A sinadaran oganik 'yan gidan kwinon, dangin na lalle, antirakwinon a takarda yana kai 257, benzokwinon kuwa kusan 500, saboda kabon da oksijin ba su da nauyi kamar ƙarfe. Ga shi ba sai an gasa su a tanderu mai zafin digiri 800 kamar yadda ake yi wa na kobal da nikel ba. Sannan ina muka bar maganar Kwango? Wajen kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya daga can ake haƙo shi. Tun 2016 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto a kan yaran da ke aiki a ramukan. A Fabrairun 2025 gwamnatinsu ta dakatar da fitar da shi waje, nan take farashi ya tashi. Duniya ba za ta dawwama a haka ba.

Ɗan Farm Centre: Yayana, bari in sa baki ta ɓangaren da na sani. A rana ina buɗe waya ta fi ashirin. Kalmar da ka faɗa ita ce "a kowane giram", amma wallahi a cikin waya ba nauyi ne damuwarmu ba, wuri ne. In ka cire murfin baya, batir ya cinye kusan rabin cikin, ko allura ba za ka ƙara ba. Shi ya sa har gobe na kobal ake sa wa waya, don shi ne ke cusa wuta mai yawa a ƙaramin wuri. Kuma batirin waya bolt 3.8 yake bayarwa, in ya cika ya haura 4.3. Ranar da ya sauko kusa da 3.3, wayar ta mutu, sai caja. Naka ɗin nawa yake bayarwa?

Malamar Kimiyya: Mafi yawan 'yan gidan kwinon tsakanin 2 da 3 suke. Na shunin bai wuce 2 da ɗoriya ba, TAQ kuma wajen 2.5. Maganar wuri ma gaskiyarka ce. Santimita ɗaya kowace kusurwa ta sinadarin kobal tana kai giram 5, ta LFP 3.6, ta waɗannan kuwa da ƙyar take kaiwa 2. Kamar a ba ka buhun auduga da buhun gero ne.

Ɗan Farm Centre: To ka ji. Biyu da rabi ko tambarin kamfani ba zai haska a fuskar waya ba.

Oga Mai Sola: Ni ma ga nawa lissafin. Batirin inbata na bolt 48 da muke kawowa, in ka kwance shi sel 16, wato ƙananan batura, za ka tarar, kowane 3.2, jimla 51.2. In ka koma na 2.5 sai ka jera 20 ko 21, kowane ya fi ƙiba, allon da ke lura da su ma sai an canza. Amma ba wannan ne babban abin ba. Ƙanena, kana ta faɗa da kobal, alhali batirin da nake ɗaurawa a Nassarawa da Hotoro da Rijiyar Zaki babu ɗigon kobal a cikinsa. LFP baƙin ƙarfe ne da fosfet, abin da ke ko'ina a duniya. Wato maganin Kwango an riga an samo shi, yana shagona yanzu haka da garanti. In batirinka zai shigo Kano, ba da kobal zai yi kokawa ba, da LFP zai yi, kuma LFP farashinsa ya yi ta sauka cikin shekarun baya.

Ɗan Baba na Karofi: Assalamu alaikum. Na karanta wa Baba saƙonninku bayan la'asar, ya ce in rubuta muku kamar yadda zai faɗa. Ga maganarsa:

'Ya'yana, ni ban san batir ba, rijiyar rini na sani, a bakinta na yi furfura. Tunda kun ambaci shuni, bari in gaya muku halinsa. Shuni in ka jefa shi a ruwa haka kawai, ko ka kwana kana juyawa ba zai narke ba, ba kuma zai kama ƙyalle ba. Sai an haɗa baba da toka da kanwa, an bar su kwanaki suna ruɓa, ana juyawa, har rijiya ta nuna. In ta nuna za ka ga kumfa a sama tana sheƙi, ka kau da kumfar ka duba ruwan ƙasa, ba shuɗi ba ne, kore-kore ne mai ɗan rawaya. Ka tsoma farin ƙyalle ka ɗago, kore zai fito. Ka riƙe shi a hannu ya sha iska, kana kallo zai juye shuɗi tun daga gefe har tsakiya. Ka sake tsomawa, ka sake ɗagowa, haka za ka yi ta yi har ya yi duhun da kake so. Daga nan ko ka kai shi kogi ba zai koma kore ba. Yaron da ya ce shuni yana karɓa yana bayarwa, na yarda da shi, don na ga yana canza hali sau dubu a hannuna. Abin da ban gane ba, in ya narke a cikin batirin naku, wa zai ɗago shi ya sha iska?

Malamar Kimiyya: Allahu Akbar. Baba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Shekara nawa ina koyar da wannan darasi a allo, ban taɓa bayyana shi kamar yadda kuka yi ba.

'Yan'uwa, abin da Baba ya siffanta shi ne cikin batir a buɗe. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da haɗin su ne ke ba shuni elektiron, biyu ga kowace ƙwaya. Da ya karɓa sai ya rasa launinsa, ya narke, ya ratsa zaren auduga. Da aka ɗago shi, oksijin ɗin iska ya ƙwace elektiron ɗin, ya koma shuɗi, ya daskare a cikin zaren. Karɓa da bayarwa ba tare da ƙwayar ta farfashe ba, shi ne duk abin da ake nema a katod.

Tambayar da Baba ya rufe da ita kuwa, ita ce ciwon da ya hana wannan fanni tashi fiye da shekara hamsin. Narkewar da ta zama alheri ga marini ita ce masifa ga mai batir. Katod dole ya zauna a inda aka shafa shi. Ƙananan ƙwayoyin oganik suna narkewa a ruwan batir, su yi iyo su tsallaka ɗaya ɓangaren, su lalace a can. Sai ka ga batir ya fara da ƙarfi kamar doki, bayan caji hamsin ya koma rabi. A ɗakin gwaji in an buɗe irin wannan sel, takardar da ke raba ɓangarorin biyu za a tarar ta rine.

Sai dai in yi adalci, ruwan batirin litiyum ba ruwan rijiya ba ne, wani mai ne na daban da bai ƙaunar ɗigon ruwa. Shi ya sa mutanen Japan ɗin ba tsurar shuni suka dogara da shi ba. Sun ɗauki wanda aka liƙa wa gishiri, irin launin shuɗin da ake sa wa alewa da magunguna. Wannan yana narkewa a ruwa, amma ba ya narkewa sosai a man batir. To amma gishirin nauyi ne da ba ya ɗaukar wuta, sai ƙarfin ya faɗo daga wajen 200 mAh zuwa 115 a giram. Ka toshe wata ƙofa, wata ta buɗe.

Ɗan Kurna: Baba, Allah ya ja zamaninku, na gode da kuka tanka min. Malama, ai nan ne TAQ ya bambanta. Ƙwayoyinsa suna riƙe da juna ta haidirojin, suna kwanciya shimfiɗa a kan shimfiɗa, har ya zama ba ya narkewa a ruwan batir. Shi ya sa ya kai caji 2,000. Masu binciken sun ƙiyasta kuɗin kayan haɗa shi zai iya zama kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin na kobal. Wasu kuma suna ɗaure ƙwayoyin su zama doguwar sarƙa kamar roba, sarƙa kuwa ba ta iyo.

Kuma Oga, LFP ɗin da kake alfahari da shi, ka san yadda ya faro? A 1997 John Goodenough da ɗalibansa suka fito da shi a Texas, aka ce ba zai yi ba saboda lantarki ba ya ratsa shi. Irin zargin da ake yi wa na oganik yau ke nan. Sai da aka niƙa shi lukwi aka lulluɓe kowace ƙwaya da kabon sannan ya tashi. Da a 1999 aka yi wannan muhawara, da ka ce a nuna maka shagon da ake sayar da shi.

Oga Mai Sola: Wannan kam ka kama ni, ban musa ba. Amma ka ƙirga da kanka: daga 1997 zuwa lokacin da talaka ya fara ganinsa a Sabon Gari, shekara ashirin ta wuce. Kai kuma ka ce goma.

Malamar Kimiyya: Kuma kada mu manta na oganik ba jariri ba ne, ya girmi LFP nesa ba kusa ba. Tun 1969 aka fara haɗa shi da litiyum, da wani sinadari ɗan'uwan ƙwayar nan da ake jefawa a ruwan sha lokacin kwalara. Na oganik ya ma taɓa shiga kasuwa. A ƙarshen shekarun 1980, Bridgestone masu taya da Seiko masu agogo sun sayar da ƙaramin batir mai siffar kwabo da aka yi da wata roba mai ɗaukar lantarki. 'Yan shekaru kaɗan aka daina. A 1991 Sony ya fito da na kobal, ya mamaye kasuwa. Daga baya kamfanin NEC na Japan ya nuna wani siririn na oganik mai saurin caji, shi ma ba ka gan shi a wayar kowa ba. A 2008 masana a Amiens ta Faransa sun yi wani daga sinadarin da ake samu a masara, ya ba da sama da 500 mAh a farko, sannan ya yi ta zubewa. Ban faɗi wannan don in karya maka gwiwa ba, ƙanena. Ina so ka san tsawon hanyar da ka hau.

Injiniya na Sharaɗa: Na daɗe ina karantawa, bari in kawo abu uku daga ɓangaren masana'anta, don takardar bincike daban, layin ƙera kaya daban.

Na farko, in ka ga an ce sinadari ya ba da kaza a giram, ka tambayi nawa ne kabon ɗin da aka cakuɗa. Da yawa daga cikin gwaje-gwajen oganik, kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na abin da aka shafa baƙin kabon ne, don lantarki ya samu hanya, sai a yi lissafi da sinadarin kaɗai. A batirin kasuwa kabon 'yan kaso ƙalilan ne. Abin da ya sa TAQ ya ja hankalina shi ne yana ɗaukar lantarki da kansa, ba ya buƙatar wannan cikon mai yawa.

Na biyu ya fi damuna. LFP da na kobal suna zuwa da litiyum ɗinsu a ciki, shi ya sa ake haɗa su da girafait, wani nau'in kabon wanda babu litiyum a cikinsa. Mafi yawan 'yan kwinon fanko suke zuwa. To daga ina litiyum ɗin zai fito? Ko a sa tsurar ƙarfen litiyum a ɗaya ɓangaren, wanda ke da haɗarin gobara, ko a ƙara wani mataki mai tsada a layin. Kuma wannan na nuna batirin lalle bai raba ka da haƙar ƙasa ba. Litiyum ɗin da aka buɗe wa masana'antar tacewa a jihar Nasarawa a Mayun 2024, har yanzu ana buƙatarsa, da tagulla da alminiyum.

Na uku, lallen kansa. Sinadarin da ke rina hannu bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na busasshen ganye ba. Mu ɗauka ka samu 200 mAh a giram a kan bolt 2.5. Kilo ɗaya zai ba ka wat-awa 500. Batirin gida na kilowat-awa 5 zai ci kilo 10 na tsantsar sinadari, wato busasshen lalle kilo 500 zuwa 1,000, in har ba ka yi asarar komai wajen tatsa ba. Batir ɗaya ke nan, na gida ɗaya.

Alhaji na Kwari: Tan guda na lalle! To ai ni abin da ya sa na kasa kunne tun farko shi ne in ji ko akwai abin da mutum zai sa kuɗinsa, a noma baba da lalle a Kura ko Bichi a riƙa fitarwa ta Dawanau kamar riɗi da zoɓo. Injiniya, kana nufin babu?

Injiniya na Sharaɗa: Alhaji, ranka ya daɗe, ta wannan fuskar kada ka sa kwabonka. In ma batirin ya yi nasara, daga kayan fetur da kwal za a yi sinadarin, don ya fi araha kuma kowane buhu daidai yake da ɗan'uwansa. An taɓa yin haka. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, cikin 'yan shekaru noman baba a Indiya ya durƙushe. Shuɗin da ke jikin wandon jins ɗin da ke rumfunanku, kusan dukkansa bai taɓa ganin gona ba.

Ɗan Baba na Karofi: Baba ya ce wannan ba labari aka ba shi ba. Ya ce da idonsa ya ga galura ta shigo, ya ga rijiyoyi sun koma bola ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ke aiki yanzu ana iya ƙirga su. Ya ce kada a yaudari manomi.

Hajiya ta Gwammaja: Ni ba na cikin masu lissafi, amma ni ce mai sayen batirin, don haka ku saurare ni. Ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa, firiza biyu gare ni. A Oktoban 2024 da Arewa ta yi kwana da kwanaki babu wuta, na sayar da awarwarona na sa sola da batirin ruwa mai dalma guda huɗu, don kuɗina bai kai na litiyum ba. Watan Afrilu ɗakin da suke ciki kamar tanderu, ga wari yana shaƙe mutum, kullum ina ɗura musu ruwa. Ba su kai inda aka yi min alkawari ba suka mutu. Na sayar wa 'yan gwangwan.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne bayan kwana biyu na bi ta wani lungu a bayan layinmu, na ga yara uku, babbansu bai wuce sha huɗu ba, suna fasa irin waɗannan batura da guduma. Ruwan suna tuttular da shi a kwata, hannunsu babu safa, ɗaya ya ajiye gurasarsa a kan murfin batir yana gutsura. Gefe guda an hura wuta ana narka dalmar a cikin gwangwani. Na tuna yaran Zamfara da dalma ta kashe a 2010, ɗaruruwa. Na san waccan daga dutsen zinare ta fito, amma dalma ai dalma ce. Ɗana na Kurna, kana kukan yaran Kwango, Allah ya ba ka lada, amma ga namu a bayan gida. In akwai batirin da in ya mutu ba zai zama guba a hannun yaro ba, ko ya kai girman durom, ko ya cinye min rabin tsakar gida, ina so. Ni ba a aljihu zan sa shi ba.

Malamar Kimiyya: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, don Allah in kin sake ganinsu ki nemi iyayensu. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa.

Injiniya na Sharaɗa: Hajiya ta faɗi kalmar da ta sauya min tunani: ba a aljihu za ta sa shi ba. Duk aibin da muka lissafa, girma da ƙarancin bolt, aibi ne ga waya da mota. Ga batirin da zai zauna a kusurwar gida ko bayan asibiti, ba su da nauyi sosai. Akwai ma wani tsari da ya juya matsalar Baba ta zama riba. A 2014 masu bincike a Harvard sun ce tunda kwinon na son narkewa, a bar shi ya narke. Suka zuba shi a ruwa cikin tanki, famfo yana zagaya da shi ta cikin sel. Kana son ƙarin awanni, ka ƙara girman tanki. Ruwa ne, ba ya kama wuta. Wannan ya fi kama da rijiyar rini fiye da batirin waya. Shi ma yana da nasa ciwon, ƙwayoyin na lalacewa a hankali, ga famfo da bututu da ke son kulawa, don haka ya fi dacewa da unguwa ko kasuwa ko masana'anta, ba ɗakin mutum ɗaya ba.

Oga Mai Sola: Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri. Amma tsakanina da Allah, abin da zai raba ki da dalma bana LFP ne, ba wani abu da ke ɗakin gwaji ba. Kuma bayansa akwai na sodiyum, sinadarin da ke cikin gishiri, da kamfanin CATL na Sin ya sanar tun 2021, shi ya riga ya hau layin masana'anta. Layi ne, na oganik yana can baya. Ni matsayina bai canza ba: shekara goma ba za ta yi ba.

Ɗan Kurna: Na sodiyum ɗin ma ai taimakona yake, Oga. Sodiyum ya fi litiyum girma, yana wahalar da ginin ƙarfe wajen shiga da fita, na oganik kuwa yana da laushi, yana buɗa masa. An gwada shunin da sodiyum, an gwada TAQ da shi. Ranar da aka haɗa kabon da gishiri aka samu batir, babu kobal, babu nikel, babu litiyum.

Amma na janye abu biyu. Na janye cewa zai kori na waya, Ɗan Farm Centre ya gamsar da ni. Na janye maganar noma, ba zan so wani ya sayar da gonarsa a kan maganata ba. Abin da ban janye ba shi ne batirin gida da na unguwa. Kuma in daga kayan fetur ake yinsa, matatar mai tana Lekki, ba a wata duniya take ba. LFP mun zo mun tarar Sin ta kama kusan dukkansa. Wannan kuwa har yanzu babu wanda ya kama.

Oga Mai Sola: Babu wanda ya kama saboda babu wanda ya tabbatar yana ci. Ka kawo min sel ɗaya mai girman tafin hannu, in ajiye shi a shagona daga Maris zuwa Mayu, zafi na haura 40, ina masa caji kullum. In ya fita da kashi 90, zan kira ka Oga a gaban kowa.

Malamar Kimiyya: Gwajin da ka faɗa shi ne daidai, don zafi yana ƙara narkewa, kuma yawancin alƙaluman da muke karantawa a ɗaki mai sanyin digiri 25 aka same su. Sel irin wannan ba za mu iya haɗa shi a gida ba, yana buƙatar akwatin da babu iska babu danshi. Amma akwai wanda za mu iya. Baba, in kun ba da izini, ina so in kawo ɗalibaina 'yan aji biyar karofi. Za mu ɗebi ruwan rijiyar da ta nuna a kofi ɗaya, mu sa ruwan toka da ya sha iska a wani kofin, mu haɗa su da tsumman da aka jiƙa da ruwan gishiri, mu tsoma sandar kabon a kowane. Ina sa ran mita za ta motsa, ko da bai kai bolt ɗaya ba. Ina so yaran su ga lambar da idonsu, su ga ƙyallen yana juyewa a lokaci guda.

Ɗan Farm Centre: Mita tana wurina, mai karanta ƙananan lambobi. Sandar kabon kuma zan fasa tsofaffin batirin tocila in ciro, in wanke su tas.

Oga Mai Sola: Zan zo da wayoyi da 'yan maƙalai. Ban canza ra'ayi ba, amma ina so in gani.

Hajiya ta Gwammaja: Malama, in an gama na shuni a gwada lalle. Zan kwaɓa tun dare in zo da shi.

Ɗan Baba na Karofi: Baba ya ce bismillah, ranar Asabar. Ya ce ku zo da hantsi kafin rana ta take, akwai rijiya ɗaya da ta nuna tun makon jiya, ba zai taɓa ta da safen ba sai kun iso. Ya ce a gaya wa yaran su sa tsofaffin kaya, kuma kowa ya zo da farin ƙyallensa.